Anini a Wuyan Ƙusa

Ranar da Nomau ya hau kware rufin gidanmu
na Rijiyar Ɗorawa, wanda tsatsa ta cinye,
sai ya leƙo ta tsakanin katako,
ya ce, "Malam, wanga wane irin aiki ne?
Kowace ƙusa da kuɗi a wuyanta!"
Ya jeho guda, na cafe, na murza da yatsa,
ashe anini.

Ɗan ƙaramin abu, da huda a cibiya,
tauraro mai tsini shida ya kewaye ta,
sunan sarkin ƙetare rana ta lashe rabi,
ruwan sama ya lashe saura.
Goma ake tarawa kafin a ce kwabo,
kwabo sha biyu kafin a ce sule.
Shi ne autan kuɗi, mai zama bakin tabarma,
daga shi sai hannu wofi,
sai "Allah ya ba mu" a ƙarshen yini.

Kakata Ige takan ce a zamaninta
da shi take sayo daddawa da gishiri,
har ta tsaya sai an yi mata gyara.
Takan shirya su a zare kamar tsakiya,
ta ɗaure a ƙugu, ta rufe da zani.

Sannan kasuwa ta juya masa baya.
Mai goro ya ture shi da bayan yatsa,
mai ƙosai ta ce a kai wa yara su yi dara.
Ba a yi masa jana'iza ba,
ba wanda ya ce ga ranar da ya mutu,
an dai wayi gari ba shi da masayi,
kamar rijiyar da ta ƙafe da rani.

A lokacin ne ubana, Arzika kafinta,
ya bi rumfa rumfa da gwangwanin madara
yana saye da awo, kamar gero.
Aka yi ta dariya a Shagon Goro:
"Arzika zai yi arziki da mataccen kuɗi!"
Bai tanka ba. Ya riga ya gwada a gida,
hudar nan daidai ƙusa ce,
kamar don ita aka yi ta tun a maƙera.
Ni ban san wannan ba sai yau,
shi kuwa ba mutum ne mai bayani ba,
guduma ce bakinsa, ko a kanmu,
balle a kan gini.

Na dai tuna hadarin da ya taso daga gabas
ina shekara bakwai, ina ƙarƙashin gado,
kwanon maƙwabta na tashi kamar shirwa,
na gidan liman har bakin masallaci.
Namu ya yi kuka, ya yi kuka, bai tafi ba.
Uwata ta ce addu'a ce.
Ubana ya ce, "Haka ne," ya sha furarsa,
ya ɗaga kai sau ɗaya, na gani.

Da la'asar Nomau ya zube su a faranti,
muka ƙirga: ɗari uku da sha ɗaya.
Sule biyu ke nan da kwabo bakwai,
da guda a sama da ba shi da abokin tafiya.
Abin da ya riƙe mana inuwa ke nan
fiye da rabin ƙarni.

Wani dillalin kayan da ya zo har zaure,
ya taya kowane guda naira ɗari biyar.
Na ce zan yi shawara. Ban yi ba.
Jikata Nana Asma'u ta ɗauki ɗaya
ta kafa ido a hudar, tana kallona ta ciki,
ta ce, "Mi aka saye da shi?"
Na buɗe baki, lissafin ya ƙi ni.

Da safe na miƙa wa Nomau na saman nan,
na ce ya sa a ƙusar farko, ta kusurwar gabas.
Ya ce, "Ƙusar yanzu da robarta take zuwa."
Na ce na sani.
Ya dube ni, ya dubi abin, ya sa a baki
tare da ƙusoshi, ya kama tsani.